Agogon da Kika Tsoma a Ƙwarya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hanne,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan Allah Ya kai haske makwancinki. Ɗanki Haladu ne, mai haƙar rijiya. Akwai labarin da kika riga shi tafiya, shi nake so in ba ki.

Kin tuna shekarar da na shiga aikin rijiya a Gagarawa. Duk duniya ba abin da kika tsana kamar aikin nan. Kullum kina cewa, "Mai rai ba ya daɗewa a rami." In na shiga ƙasa ba na ganin rana, azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki, ni ina can ina ta sara. Ke kuma kina gida, tuwo ba ya haɗiyuwa.

Ranar wata Alhamis kika ja akuyarki, ni ina biye, har kasuwar Maigatari. Kika sayar da ita, kika tsaya gaban wani Badamagare mai teburin agoguna. Ni idona ya faɗa kan wani mai ruwan zinariya, sai walƙiya yake. Kika harare ni kika ce, "Ango za ka zama a cikin rijiyar?"

Inna, har yau in na tuna sai na yi dariya. Yadda kike zaɓen tukunya haka kika zaɓi agogo. Ki ɗauka, ki ƙwanƙwasa da farce, ki kara a kunne, ki ajiye. Da kika zo kan wani mummuna mai kaurin ƙarfe, wanda mai teburin ya rantse ruwa ba ya shigarsa, sai kika tsoma shi cikin ƙwaryar ruwan wata mai fura. Mutumin ya ɗora hannu a ka yana salati. Kika tsamo shi, kika saurara, yana nan yana bugawa. Kika ce, "Wannan ya san wahala, zai zauna da ɗana."

Ba ki san ƙarfe ɗaya ba, balle biyu. Kika sa aka nuna miki inda hannun yake tsayawa da azahar, kika zare allura daga gefen zanenki kika karce gilashin a wurin. A Gumel kika ba baduku ya ɗinka masa maɗauri na fatar bijimi. Sannan kika karɓi alkawarina: in hannu ya taɓa karcen nan, ko ruwa na gani, in fito.

Abokan aiki sun sha yi mini tsiya, wai ɗan Inna, agogo ya kira shi shan nono. Na ji haushi, wallahi, amma ban taɓa saɓawa ba. Agogon ya sha duka, ya sha laka, ya sha gumi, bai taɓa tsayawa ba.

Da damina kika rasu. Da rani ya zo muka kama wata rijiya a Ɗanzomo, ƙasar duk yashi. Ran nan na kai ga danshi, ruwa ya kusa, zuciyata na cewa ƙara sara kaɗan, ai mai alkawarin ba ta nan. Na dubi agogon, ga hannunsa daidai kan karcenki. Na girgiza igiya aka jawo ni.

Ban gama alwala ba muka ji ƙasa ta yi gurnani. Rijiyar ta rufta, Inna, da dagina da gugana a ciki. Masu yi mini tsiya suka hau salati. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi ta kuka kamar yaro, ba don tsoro ba, don babu ke da zan zo in gaya wa.

Kullum da safe ina murɗa agogon in yi masa wani. Mai gyara ya ce ya canza mini gilashin tunda ya karce, na ce ya bar mini kayana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya fitar da ke zuwa haske kamar yadda kika fitar da ni. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Haladu