Shukar Marigayiya Tana Ruɓewa, Ina Zargin Surukata

Mai Filin Shawara, a taimake ni, wani abu ya tsaya mini a rai. Ban yi boko ba, telan da ke maƙwabtaka da ni ke rubutawa, na kuma hana shi gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekarar da aka yi farin nan har rijiyoyi suka ƙafe, duk furannin ƙofar gidanmu suka bushe. Lokacin ina tuƙa babbar mota. Na karyo reshen ƙerana a bakin hanya, na kawo wa uwar yarana don tsokana, ita kuwa ta dasa. Daga nan duk tafiya sai na riƙo mata wani: tinya, kabar giwa, da wani mai faɗi kamar tafin hannu da har yau ban san sunansa ba. Ita ke kula da su, ni ina kan hanya. Kowanne zan iya gaya maka inda na samo shi, da abin da ta ce da ta karɓa.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Ɗana ya dawo gidan da iyalinsa don su kula da ni. Tun zuwansu matarsa ke mita, wai ƙaya za ta tsone wa jikata ido. 'Ya'yana fa duk a nan suka yi rarrafe! Yanzu shukar tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Gindin ya yi baƙi, ya yi laushi, yana wari, da ka taɓa sai ya faɗi. Kuma ba sakacina ba ne. Tun ranar da aka kai marigayiyar makwancinta, safe da yamma nake cika bokiti in zuba musu, gwiwa na ciwo, ko ruwan sama aka yi ba na fashi.

Zuciyata ta ba ni surukata ke zuba musu wani abu. Ban gan ta ba, amma na daina amsa gaisuwarta. Ɗana ya ce in na furta zargin nan za su tashi su bar mini gidan. Tela ya roƙe ni in jira amsarka, na yarda. Amma washegarin ranar da amsar ta fito, da sassafe zan tara su a gaban shukar in faɗa, in sun so su tashi.

Tsohon direba

Baba, Allah ya jiƙan Mama, ya ba ka haƙuri. Don Allah kada ka tara kowa.

Abin da ka kwatanta ruɓewa ce, kuma yawan ruwa ke kawo ta. Irin shukar nan a jikinta take ajiye ruwa, shi ya sa ta jure fari. Bokiti safe da yamma ya fi ƙarfinta. Na san maganar za ta yi maka nauyi, domin ƙauna ce ta sa ka ɗaukar bokitin.

Ka tsayar da ban ruwa yau. Waɗanda gindinsu ya tafi, ka yanke lafiyayyen reshe daga sama, ka ajiye a inuwa har bakin yankan ya bushe, sannan ka dasa a ƙasa mai yashi. Ba ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas.

Surukarka ma tana da gaskiyarta. Ban da ƙaya, farin ruwan ƙerana da tinya yana illa ga ido. A kewaye wurin da ɗan shinge, hankalinta ya kwanta. Ita kuma ya kamata ta gane ba ciyawa take magana a kai ba.

Abu mafi gaggawa shi ne gaisuwar nan. Baiwar Allah tana durƙusa maka kullum, kana kau da kai kan laifin da ba ka gan ta ta yi ba. In ta gaishe ka gobe, ka amsa, ka tambaye ta kwanan yarinya. Allah ya bar ku tare, ya raya jikarka a gabanka.