Motocin Gwangwani na Baban Mufida

Laraba, 9 ga Agusta, 2023

An rufe boda. Motoci sun yi layi tun daga shingen Magama har suka wuce ƙofar gidanmu, tirela bayan tirela. Maigidana Baban Mufida ya shimfiɗa tabarma a inuwar bedi, tun safe yana kallonsu.

Wata biyar ke nan da jek ya zame, taya ta danne masa hannun hagu. Ƙashi ya ɗoru, amma yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa. A asibiti sun ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Tana ƙarƙashin gado. Shekara ashirin da shida yana jan tirela, Jibiya, Maraɗi, har Agadas. Yanzu ko maɓallin riga ni nake saka masa, kuma idan ina sakawa bango yake kallo.

Asabar, 26 ga Agusta

Na nemi almakashina na ɗinki har na gaji. Ashe yana zaure, gwangwanin madara ake yankawa da shi. Na ce, "Malam, mi ke nan?" Ya ce, "Mota." Ko ɗagowa bai yi ba.

Mutum mai shekara hamsin da huɗu.

Litinin, 4 ga Satumba

Abin dai ba na kwana ɗaya ba ne. Zaure ya cika da gwangwanaye, waya, kwali, tsofaffin silifa. Daga silifan yake yanka tayoyi, yana gwada su da murfin kwalba. Da gwiwa yake danne gwangwanin, tunda hannun ba ya riƙewa. Sau biyu ya yanke. Na kawo tsumma zan ɗaure masa, ya ce in bari.

Yau kuma sai ga shi a bakin titi da igiya, yana auna wata tirela DAF tun daga kai har wutsiya. Mai motar wani Bawa ne, mutumin Maraɗi, ya maƙale da lodin rodi, a ƙarƙashin motar yake kwana. Shi ya riƙe masa bakin igiyar. Mutane suna kallo. Na dawo daga makaranta na tarar da su haka, na yi kamar ban gani ba na shige gida.

Juma'a, 22 ga Satumba

Yaya Fati, yayarsa, ta zo daga Bugaje. Ta daɗe tsaye a zaure tana kallon kayan, sannan ta ja ni kicin. "Salmatu, ƙanen nawa ya koma yaro kina kallo? Wannan ba ciwon hannu ba ne kaɗai. A nemi malami." Na ce lafiyarsa ƙalau, yana motsa yatsu ne. Na kare shi sosai, har ta yi fushi.

Amma da ta tafi sai na juya kansa. Ban san abin da ya hau ni ba. Na ce sa'anninsa da rufe boda ya zaunar duk sun nemi abin yi, wasu gona, wasu kasuwa, shi kuma ya sa ana nuna gidanmu da baki. Na faɗi wata kalma ma da ba zan rubuta ba.

Ya ajiye filaya, ya tattara komai a buhu, ya ɗaure bakin da haƙori.

Litinin, 25 ga Satumba

Kwana uku bai kwance buhun ba. Ya koma kallon titi. Tuwo ma rabi yake ci.

Laraba, 27 ga Satumba

Bawa ya yi sallama da hantsi, ya kira Baban Mufida da sunansa, ina jinsu daga tsakar gida. "Abbas, ina kamiyon namu? Ni hwa tun jiya nike son in gaya maka, tankin mai ya yi gajere." Baban Mufida ya ce ba gajere ba ne, ya auna. Bawa ya ce a fito da motar gwangwanin a gani. Bai kwance buhun ba.

Da azahar na ajiye almakashin a gefen tabarmarsa, da gwangwanin tumatir guda biyu da na wanke. Ai dama almakashin ya riga ya dakushe, ba abin da zan ɗinka da shi.

Da la'asar na ji ƙarar yankan gwangwani.

Talata, 7 ga Nuwamba

Ya gama ta farko. Tsawonta kamar tabarya ƙarama, kai ja, bodi kore. Ba ta Bawa ba ce, tasa ce, wadda ya fi daɗewa yana ja.

Ya kira ni zaure. "Zo ki shiga," in ji shi. Na yi dariya. Sai ya sa farce ya buɗe ƙofar direba, ashe har buɗewa take yi. Na durƙusa na leƙa. Ga sitiyari na waya, ga giya da ya yi da kan allura, ga ɗan gado bayan kujera da ƙyallen tsohon zanena. Ya nuna mini ƙugiyar da yake rataye buta. Ya nuna inda rufi yake yoyo da damina, ya ce a nan yake tara kofi.

Akwai wani ɗan kanta a sama. Na ce wannan fa? Ya ce, "Nan nike aje kwanon dambun da kike ɗaura mini. Ba na buɗe shi sai na wuce Maraɗi, don kada gida ya ƙare mini da wuri."

Shekara ashirin da shida ina ɗaura dambun nan, ban taɓa sanin inda yake zama ba. Ban ma taɓa hawa motar ba. Ni dai na san tafiyarsa da dawowarsa, da wankin kaya masu baƙin mai. Tsakanin nan duk ban sani ba.

Sannan ya miƙo mini fenti fari da tsinken ashana. Wai hannun malamar makaranta ya fi nasa kyau, in rubuta abin da ke bayan motar. Na san rubutun, kowa a Magama ya sani: SANNU-SANNU, ANA JIRANA. Na ɗauka mai fenti ne ya ƙirƙira. Ya ce a'a, shi ya faɗa masa, satin da aka haifi 'yarmu Mufida.

Da na rubuta, harafin J ya karkace. Ya ce a bar shi, na asalin ma a karkace yake.

Alhamis, 14 ga Disamba

Ya saka maɓallin rigarsa da kansa, duka huɗu. Ya daɗe a na ƙarshe. Ina ninke kaya, ban juya ba sai da ya gama.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Yanzu direbobin da suka maƙale nan suke yini, kowa yana son a ƙera masa tasa. Ya yi ta Bawa, da lodin rodi na tsinken tsintsiya da aka shafa wa baƙin fenti. Sun yi awa guda suna musu a kan madubi, wai na Bawa na dama a fashe yake, dole na ƙaramar ma a fasa shi. An fasa.

Rubutu duk ni ce. Malaman makarantarmu sun fara tambayar fentin da ke yatsuna, na ce aikin allo ne.

Amma ban fasa yi masa magana ba. Na ce ranar da aka buɗe hanya ya je ya ga Alhaji mai motarsa, hannu ya samu. Ya ce, "Kin gaji da ni ke nan." Na ce direba ai a kan sitiyari aka san shi, ba a kan tabarma ba. Haka nake gani. Na ga yadda yake bin kowace mota da ido idan an tayar da ita don kada batir ya mutu.

Lahadi, 24 ga Maris

Azumi goma sha huɗu. An buɗe boda, ta nan da ta can. Tun shekaranjiya ƙarar injuna, hayaƙi har cikin ɗaki. Bawa ya zo ban kwana, ya ɗora ƙaramar motarsa a gaban gilashi, ya ɗaure ta da roba. Shi da Baban Mufida suka daɗe riƙe da hannun juna. Bawa ya ce mini, "Malama, Allah shi saka." Ƙofar gida ta zama fili.

Alhaji ya aiko a kira Baban Mufida.

Talata, 26 ga Maris

An gwada shi. Ya ja tirela daga Magama zuwa cikin Jibiya ya dawo, ya yi ribas ya shigar da ita gareji sau ɗaya. Ya shigo gida fuska kamar ta ango, ya ɗaga hannun yana buɗewa yana rufewa. "Ya riƙe, Salmatu."

Na ce Alhamdulillahi. Abin da na shekara ina roƙo ke nan.

Na ce ko zai bari sai bayan Sallah, saboda zafi da azumi. Ya kalle ni ya yi murmushi, ya ce to. Kunun buɗa-baki ya kama a tukunya, ina tsaye a kansa.

Litinin, 15 ga Afrilu

Ya tafi da safe, Maraɗi sannan Tawa. Ya bar tankar mai ta gwangwani da ya fara, kai da bodi sun haɗu, ba tayoyi. Ya ce in rufe ta da buhu kada ta yi tsatsa, sai ya dawo. Ya danna ham a ƙofar gida sau biyu.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ya kira da rana, lafiya lau, hannu ba ya ciwo. Ya tambayi ko ina cin abinci. Na ce me zai hana.

Gidan ya yi girma. Na dawo makaranta na yi shara, na yi wanki, har yanzu la'asar ba ta yi ba. Na shiga zaure don in duba ko buhun ya rufe da kyau.

Tankar taya goma sha takwas take buƙata, na ƙirga ramukan. Silifana na banɗaki dama ya tsinke. Na yanka shida, biyu ba su yi zagaye ba, na sake. Ashe sai an riƙa juya robar, ba wuƙar ba. Da gwiwa na danne.

Ba wai ina sha'awar abin ba ne. Mota dai ba ta kyau a zaune a kan cikinta.

Ya sake kira kafin magariba, ya ce me nake yi. Na ce ba komai, ina zaune.

Saura goma sha biyu. Gobe zan tambayi maƙwabta ko akwai tsohon silifa.