Ranar da Auta Ta Miƙe a Majalisa

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma lafiya lau muke, sai dai gwiwar nan tawa da ta ƙi jin magani.

Labarin 'yarki Auta zan ba ki, wadda kika goya, yau ga ta 'yar majalisa. Kin dai ji ana gyaran tsarin mulki don a taƙaita kuɗin da 'yan takara ke zubarwa a yaƙin neman zaɓe. To, kin san abincin gidan nan daga shagon ɗab'in Babansu yake fitowa, kuma hotunan 'yan takara ne rabin aikinsa. Ana saura kwanaki a jefa ƙuri'a kan gyaran a majalisa, sai wani ɗan kwangila da ke kawo masa aikin ya zo shagon, ya ce a ja wa Auta kunne, in ta goyi bayan gyaran zai kwashe aikinsa kaf. Kin san halin mutumin naki, ba ya kashe inji don baƙo. Haka ya bar shi yana ta ɗaga murya cikin ƙara, har ya gaji ya fita.

Ni kam tsoro ya kama ni, na ce ya gaya wa yarinyar ko ta san abin da ke ƙasa. Ya ce in na kuskura na buɗe baki, ni da shi ne. Wai ba zai ɗora mata shago a ka ta shiga majalisa da shi ba. Na yi fushi na kwana biyu, ko a jikinsa.

Ran ƙuri'ar, suna ake kira ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kanta ta miƙe tsaye, ta ce ta amince, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Gyaran ya wuce da ƙyar. Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, har na manta da gwiwa na miƙe ni ma a gaban talabijin.

Ɗan kwangilar ya cika alkawari. Da Auta ta leƙo shagon ta tarar da babban injin a rufe da leda, sai ta gane komai, ta fashe da kuka, tana cewa don me aka ɓoye mata. Babansu ya ce ta share hawayenta, injin nan ne ya yi mata makaranta don ta iya miƙewa irin ta ranar, saboda haka ya gama aikinsa, ya huta abinsa.

Ki gaida mini maigidan, da Babba, da takwarata, da amaryarmu. Inna na sa miki albarka.

Taki har kullum,
Yayarki