Jirgin da Rahmatu Take Faɗa

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Unguwarmu Utaibiyya ta samu sabon zance. Wai akwai baƙin jirgin sojoji, marar ƙara, da ke shawagi ta wajen Ɗa'if yana ɗaukar hoton komai. Maƙwabciyata Rahmatu ce ta kawo labarin, don ɗanta Turki yana kai kayan abinci wani sansani. Direban motar kaza fa. Yanzu ya zama masanin asirin gwamnati.

Litinin, 7

Na hau saman bene shanya, na ga matan layinmu duk sanye da abaya har ƙasa. Wai jirgin yana iya karanta rubutun buhun shinkafa. Shekara ashirin ina cewa su rufe jiki a saman bene don Allah yana gani, ba wadda ta ji. Rahmatu ta faɗa sau ɗaya.

Har da Manar. 'Yata, da na haifa.

Alhamis, 10

Karatunmu na mata, mutum uku suka zo. Sauran suna gidan Rahmatu ana shan shayi ana lissafin fikafikai. Na yi nasiha a kan jita-jita. Ukun ma ɗaya gyangyaɗi take.

Juma'a, 11

Manar ta dawo daga gidan Rahmatu tana dariya. Rabon da ta yi irin wannan dariyar a ɗakina na manta. Ta ce, "Umma, Hala Rahmatu ta ce ko na'ura ba ta ganinsa." Hala take ce mata, wato inna da Larabci. Na ce to ita da wane ido ta gan shi? Na ƙara da cewa yarinya mai shekara goma sha bakwai haddarta ya kamata ta dame ta.

Ta ce, "Halas, shi ke nan, Umma." Ta ja ƙofa.

Gaskiya na faɗa. Ban ga laifina ba.

Talata, 15

Nora ƙanwata ta ce Manar ta gaya wa Rahmatu tana son karanta injiniyan jirage. Tun bara take wannan tunanin. Ni a bakin Nora na ji. Me Rahmatu take da shi? Ko firamare ba ta gama ba. Baki kawai take saki tana cewa "Wallahi? Sai kuma me?"

Abincin rana bai shiga ba.

Lahadi, 20

Bayan la'asar muna kwashe shanya ni da Manar, wani abu ya gifta can sama, ɗan ɗigo. Ta dube ni a ɗarare. "Umma, kina ganin akwai shi?"

Wa'azin yana bakina, a shirye. Na ce ban sani ba. Na ce ta yaya abu zai tashi ba ƙara?

Ta zauna kan bokiti ta yi ta bayani da hannuwa, rabi Larabci, har aka kira magariba. Ban gane ko kashi ɗaya cikin uku ba. Har yanzu ina ganin ƙarya ce. Gobe ta ce za ta nuna mini zanen da take ɓoyewa, na ce in na samu lokaci.

Ziyarar da na shirya kai wa Nora gobe, na ɗage ta zuwa jibi.