Motar Kawu Sani Ta Tashi

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Ya zafin Agadas? Ya Yaya Mariya da yara? Mu nan Matamaye lafiya lau, sai kewarku.

Motar Kawu Sani ta tashi, wannan mai kama da kunkuru, mai inji a baya, da ya daɗe yana fama da gyaranta. Sai dai yanar ido ta rufe wa Kawu gani tun damina. Abokinsa Malam Idi ne ya ƙarasa aikin, Kawu na gefe yana sauraron inji, yana faɗa masa inda zai taɓa.

Ranar Juma'a maigidana ya kai shi a cikinta har Kance. Da suka dawo, wani Alhaji daga Kano ya nemi a sayar masa. Kawu ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Ban gan ta tana tafiya ba tukuna." Sai da na share hawaye.

Wata mai kamawa za a yi masa aikin ido a Damagaram. Ka sa shi a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Balkisa