Kawu, Birkin Malam Buba Ya Kama

Zuwa ga Kawu Idi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, na rubuto ne don ina da labari mai daɗi, kuma kai ka fi cancanta ka fara ji. Garejin da ka bar mini a Sabon Gari yana nan a buɗe.

Tun rasuwarka Malam Buba direba, mai bas ɗin Utai, bai ƙara kawo mana mota ba. Sai dai ya ɗaga mini hannu ya wuce. Ka kuma san sauran direbobi shi suke kallo, inda ya kai motarsa nan suke kai tasu. Ban ga laifinsa ba, mutane yake ɗauka.

Kai da ƙusa da guduma kake buɗe bakin fayif ɗin birki, ya fito sumul. Ni in na buga, tsagewa yake. Shi ya sa na shiga Kano neman na'urar buɗe baki, da guntun fayif a aljihuna. Mai shago ya fara miƙo mini wata mai ƙyalli, marar nauyi. Na ɗaure fayif na ja, ya zame. Ta biyun baƙa ce, ba kyan gani, amma haƙoranta sun riƙe gam, ga kawunan ninke baki kowane da girmansa. Ita na ɗauko. Na yi ta gwaji da guntaye har Inna ta tambaye ni ko sarewa na koma ƙerawa.

Ran Juma'ar nan, ana tsakiyar cin kasuwa, sai ga bas ɗin Malam Buba ana turowa, man birki na ɗiga. Fayif ya tsage dab da noti, ga fasinjoji da kayansu suna jira. Ya ce, “Yaron Idi, in ba za ka iya ba faɗa mini yanzu, ba na son kunya a maganar birki.”

Na yanke wurin daidai, na kankare cikin bakin. Har na kai hannu ga na'ura sai na tuna ihunka: “Noti tukuna, Habu! In baki ya buɗe ba ya shiga!” Na yi dariya ni kaɗai a ƙarƙashin mota. Na zura noti, na ɗaure, na ɗiga man birki kaɗan, na murɗa a hankali. Na cire kan ninke bakin, na sake murɗawa bakin ya ninku ciki. Kawu, da ka ga bakin nan! Zagaye, ba tsaga ko ɗaya.

Muka fitar da iskar da ta shiga birkin. Malam Buba ya taka birki da duk ƙibarsa, har hularsa ta karkace. Ya sauko, ya durƙusa da fararen kayansa na Juma'a, ya shafa noti da yatsa. A bushe. Ya miƙe, ya ce, “Ashe Idi bai tafi da hannunsa ba.”

Washegari da safe ya dawo a sauya masa fayif ɗin baya, wani direban Achika na biye da shi.

Na yi kewarka, Kawu. Allah ya jiƙanka, ya sa duk motar da ta tsaya lafiya ta hannuna ladan ya iske ka.

Ɗanka,
Habu