Ƙanena ya buge tsoho a Nijar da lasisina a aljihunsa

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan uwa na wannan gida. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, don ranar Alhamis ɗin nan ake jirana kuma har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Ni direba ne a Daura, shekara goma sha huɗu ina ɗaukar fasinja daga nan zuwa Matamaye da Damagaram ta Kongolam. Wanda bai saba hanyar ba zai ga kamar gida ɗaya ne, tunda duk Hausa ake ji, kuma dangi ne nan da can, amma kana tsallaka iyaka kai baƙo ne, jandarman can ba ruwansa da wai kakarka 'yar garinsu ce. Takarda yake so. Lasisinka na gida, da ɗan littafin nan na tuƙi a ƙasar waje mai hotonka a ciki, da takardun mota, da inshorar da ke aiki a can. Ni duk ina da su, ban taɓa barin ɗaya ta mutu ba, har 'yan tasha suna min tsiya wai na fi tattalin jakar takarduna a kan matata.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara biyu ce tsakaninmu, magidanci ne mai 'ya'ya uku. Bari in kira shi Ado, ba sunansa ba ne. Tsakani da Allah Ado ya fi ni hannu a mota, amma bai taɓa yin lasisi ba. Iyakarsa Daura, Mai'aduwa, Babban Mutum ranar kasuwa, inda kowa ya san shi. Na yi faɗa har na gaji, kullum amsarsa ita ce wai takarda ce ke riƙe sitiyari? Kuma muna kama sosai, in muka sa hula har surukata sai ta sake kallo kafin ta amsa gaisuwa.

Sati biyu da suka wuce aka yi wa matata aiki aka ciro jariri, safiyar ranar kuma layina ne a tasha, mota ta riga ta cika. In ka rasa layi sai ka yi kwanaki kana jira, ga asibiti ba ta jiran kowa. Ado ya ce in bari ya je ya dawo, ai sau ɗaya ne. Ba zan ɗora masa duka ba, ni da hannuna na zaro lasisin da ɗan littafin na miƙa masa, har ina ce masa ya sa hulata irin ta hoton, in an tambaye shi suna kada ya yi inda-inda. Wai ni mai bin doka, a baranda ta asibiti na koya wa ƙanena yadda zai zama ni.

Ya wuce iyaka lafiya, ba wanda ya kalle shi sau biyu. Sai gab da shiga Matamaye wani tsoho ya fito da amalanken jaki daga gona ya hau titi, Ado ya taka birki ya kauce, amma gefen mota ya ɗebi amalanken, tsohon ya faɗi ya karye a ƙugu. Fasinjoji sun shaida ba gudu yake ba. Kuma bai tsere ba, shi ya ɗauki tsohon, ya ba wani sitiyari, ya zauna a baya da kan tsohon a cinyarsa har asibiti. Da jandarmomi suka zo suka nemi takardu sai ya miƙa nawa, suka kira sunana ya amsa, suka rubuta bayani ya sa hannu. Ya ce min a lokacin tsoro ne ya rufe masa ido, ƙaryar da ya shiga da ita ce kawai a bakinsa.

Suka riƙe takardun da motar, suka ce sai wani ɗan gari ya tsaya masa kafin ya tafi. Aka kira Baba Alhaji, mai masaukinmu a can, aminin marigayi mahaifinmu, wanda ya san mu tun muna yawo ba wando. Ya iso ya tarar ana kiran Ado da sunana yana amsawa. Bai tona mana asiri ba, ya sa hannu cewa zai kawo direba ranar da aka sa. Da yamma ya kira ni a waya, bai ko yi min barka da haihuwa ba, ya ce tun da yake bai taɓa sa hannu a kan ƙarya ba sai da muka bari gemunsa ya yi fari sannan muka ja shi ciki. Ya ce Alhamis yana jiran direba, mu zaɓi wanda za mu turo, amma kada a sake sa shi magana. Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Tun daga nan gidanmu ya rabu. Innarmu ta ce ni zan je, tunda sunana ne a rubuce kuma takarduna cikakku ne, abin da za a yi min bai wuce tara ba da riƙe lasisi na ɗan lokaci, shi kuwa Ado in aka gano ba shi da komai kuma ya amsa sunan wani a ƙasar da ba tasa ba, ɗauri ne. Na ce Inna, ni fa ban buge kowa ba. Ta dube ni ta ce, "Ba ka buge kowa ba, amma wa ya ba shi hular? Kai ne babba." Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Matata kuwa ko zama ba ta iya yi sosai, ɗinki bai warke ba, ta ce in na tsallaka aka riƙe ni wa zai dubi jaririn nan, in kuma aka karɓe lasisin gaba ɗaya da me za mu ci, tunda ni ban iya komai ba sai hanyar nan. Ta ce wanda ya tuƙa shi zai je. Har sun daina gaisawa da Inna yadda suka saba, a gidan da ya kamata a ce ana murnar haihuwa.

Shi Ado ya rame, ya kasa taɓa mota. Yau ya ce zai koma a matsayin ni ya ƙarasa abin da ya fara, gobe ya ce zai je ya faɗi gaskiya ko me za a yi a yi. Wani lokaci in na gan shi sai in ji kamar in shaƙe shi, shekara nawa ina ce masa ya je ya yi lasisi, wani lokacin kuma sai in tuna shi ne ya tsaya ya ɗauki mutum, da yawa a tasharmu da sun taka mota sun dawo gida.

Na tambayi wani tsohon direba da ya san hanyar fiye da ni, na ce masa labarin wani ne. Ya ce in gaskiya ta fito ba Ado kaɗai za ta ci ba, wanda ya ba da takardun ma yana ciki, wanda ya tsaya ma za a tambaye shi, kuma inshora za ta iya janye hannunta tunda wanda ke tuƙi ba shi da izini, ke nan maganin tsohon da aka buge ma zai tsaya a hanya. In kuma na je na ce ni ne, akwai fasinjoji da suka san Ado ne ya tuƙa, mutum ɗaya ya yi suɓul da baka shi ke nan. Ban san ko duk abin da ya faɗa haka dokar can take ba, shi ya sa nake roƙon in akwai lauya ko wanda ya san dokar Nijar a guruf ɗin nan ya taimaka.

Da har na fara karkata ga maganar Inna, in je in amsa in rufe bakina. Sai jiya bayan la'asar wata lamba ta Nijar ta kira ni. Ɗan tsohon da Ado ya buge ne, ya samu lambata a takardun mota, ya ce babansa ke son magana da ni. Kafin in ce wani abu ya miƙa masa. Tsohon ya kira cikakken sunana, ya yi ta sa min albarka, ya ce yana jin duk addu'ar da na yi ta yi masa a kunne a cikin mota, ya ce ya sa 'ya'yansa suna ambatona bayan kowace sallah. Sannan ya ce, "Ɗana, ran Alhamis ko a kan katifa sai an kai ni. Ina so in kama hannun da ya ɗauke ni, in ce gaban hukuma na yafe." Sai kuma ya ce amma muryata ta sauya. Na ce masa mura nake yi, Baba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, in sha citta.

Da na ajiye wayar sai na zauna a ƙofar gida na yi kuka, ni da ban yi kuka ba ranar da aka binne mahaifina. Da ina cewa ƙaryar ta Ado ce, yanzu da bakina na yi wa mutumin da ke kwance a karye yana min addu'a.

'Yan uwa, ina cikin tashin hankali. In je in miƙa masa hannuna in karɓi yafiyar da ba tawa ba? In bar Ado ya koma da sunana, ya ƙara wata ƙaryar a kan ta farko? Ko mu je mu biyu mu faɗi gaskiya, in ɗaure ɗan uwana da bakina, in kunyata Baba Alhaji a garinsu, wataƙila in tsayar wa tsohon da magani? Malamai a cikinku ku faɗa min hukuncin Allah, masu sanin doka ku faɗa min ta can. Wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma bayan zagin ya faɗa min wa zai hau mota zuwa Kongolam ranar Alhamis da safe.